Masu Nazarin Ƙasar Sin Da Ƙofar Da Ake Turawa

 

Akwai wata tambaya mai gajeren lafazi wadda ta shafe shekara arba'in tana wahalar da masana tarihin ƙasar Sin: mutum nawa yunwa ta kashe a ƙasar tsakanin 1959 da 1961? Wani masani ya ce miliyan 17, wasu suka ce miliyan 30, wani ya ce 36, wani ya kai ta 45, wani kuma ya dage cewa adadin bai cika miliyan 4 ba. Tazarar da ke tsakanin mafi ƙanƙantar lissafi da mafi girmansa ta zarce mutum miliyan 40, wato ta fi yawan al'ummar ƙasar Gana baki ɗaya. Yau ina so mu bi sawun wannan tambaya, domin a cikinta ne mutum zai ga yadda ake samo ilimi game da Sin, da irin wahalar da ake sha kafin a same shi, da kuma yadda hanyoyin samunsa suke ƙara toshewa a daidai lokacin da ƙasar take ƙara nauyi a rayuwar kowa da kowa.

Mu fara da abin da babu jayayya a kansa. A 1958, shekara tara bayan kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin, Shugaba Mao Zedong ya ƙaddamar da shirin da ya kira Babban Tsalle Zuwa Gaba, da nufin ƙasarsa ta kamo Birtaniya a fannin masana'antu cikin shekara 15. Aka tattara manoma cikin manyan gandayen haɗaka, aka hana girki a gida sai a ɗakin cin abinci na gari, aka janye majiya ƙarfi daga gona aka sa su narka ƙarfe a 'yan maƙerun bayan gida. Jami'an gundumomi suka shiga gasar ƙara gishiri a rahoton amfanin gona, kowa na son ya burge na sama da shi. Gwamnati kuwa ta karɓi kasonta na hatsi bisa wannan lissafi na ƙarya, har tana fitar da shi ƙasashen waje, aka bar manomi da rumbu wayam. A taron jam'iyya na Lushan a 1959, Ministan Tsaro Peng Dehuai ya rubuta wa Mao wasiƙa yana nuna masa ɓarakar da ke cikin shirin. Sakamakonsa tsigewa da tozarci. Daga ranar kowane jami'i ya gane cewa faɗin gaskiya ya fi yunwar talakawa hatsari a gare shi. A yankin Xinyang na lardin Henan kaɗai, kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, alhali akwai hatsi a rumbunan gwamnati.

Abin mamaki shi ne duniya ba ta san girman abin ba a lokacin. Edgar Snow, ɗan jaridar Amurka da ya yi suna wajen sanin Mao tun 1936, ya zagaya ƙasar a 1960, ya dawo ya rubuta cewa bai ga alamar babbar yunwa ba. Shi ma Montgomery, shahararren kwamandan sojan Birtaniya, ya je ya dawo da irin wannan shaida. Mu kan ce gani ya kori ji, amma baƙon da mai gida ya zaɓar masa inda zai taka da wanda zai gaisa da shi, ganinsa bai kai jin wani ba. Wanda ya fi su kusantar gaskiya mutum ne da ba ya iya shiga ƙasar ko kaɗan: Laszlo Ladany, wani limamin Katolika ɗan ƙasar Hangari da ke zaune a Hong Kong, wanda daga 1953 zuwa 1982 ya riƙa fitar da wata 'yar mujalla ta nazarin labaran Sin. Aikinsa shi ne karanta jaridun gwamnati da sauraren rediyoyin larduna, yana lura da abin da aka faɗa jiya aka daina faɗa yau, da sunan da ya ɓace daga jerin manya, da kalmar da aka sauya. Idan jarida ta fara koya wa mutane yadda ake sarrafa ganye da saiwa a ci, mai hankali ya san abin da ke faruwa a ƙauye.

A wancan zamani Hong Kong ce tagar leƙen Sin. A 1963 aka buɗe wata cibiya a can domin masu bincike daga jami'o'in duniya, inda suke tattara jaridun larduna, suna kuma zama da 'yan gudun hijira suna yi musu tambayoyi dalla-dalla: nawa ake ba ku na hatsi a wata, wa ke raba aiki a gandu, yaya ake zaɓen shugaban ƙauye. Manyan malamai irin su Ezra Vogel na Jami'ar Harvard sun bi ta wannan cibiya. A nan ne kuma Anita Chan da Richard Madsen da Jonathan Unger suka tsara tarihin wani ƙauye guda na lardin Guangdong daga bakin mutanensa da suka tsallako, suka wallafa shi a 1984. Hanyar tana da rauninta, domin wanda ya gudu daga gida ba ya cika yabon gidan. Saboda haka suka riƙa gwada maganar wannan da ta wancan, abin da baki uku ko huɗu da ba su san juna ba suka haɗu a kansa shi ake ɗauka. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san wannan tsari. Har zancen nan da ya shahara a bakunanmu, na neman ilimi ko da a birnin Sin ne, malaman fannin sun bi isnadinsa sun ce bai inganta ba, duk da daɗinsa a kunne. Tambayar ita ce a kullum: wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma me zai samu idan aka yarda da shi?

Ƙofa ta fara buɗewa bayan rasuwar Mao a 1976. A 1981 Jam'iyyar Kwaminis ƙarƙashin jagorancin Deng Xiaoping ta zartar da ƙuduri kan tarihinta, ta amince cewa Mao ya tafka manyan kurakurai, ko da yake ta ce alherinsa ya rinjayi kuskurensa. A 1982 aka yi ƙidayar jama'a ta zamani, aka kuma saki alƙaluman shekarun baya da aka ɓoye, har da na ƙidayar 1964. A cikin alƙaluman gwamnati da kanta aka ga cewa mace-mace sun tashi daga kusan mutum 11 cikin kowane 1,000 a 1957 zuwa sama da 25 a 1960, kuma yawan jama'ar ƙasar ya ragu da miliyan 10 a wannan shekara guda. Masana ƙididdigar jama'a suka duƙufa. Ansley Coale na Jami'ar Princeton ya fitar da miliyan 27 a 1984, Judith Banister ta fitar da miliyan 30 a 1987, Jiang Zhenghua, masani ɗan ƙasar, ya tsaya a kan miliyan 17.

Me ya sa lissafin ya bambanta alhali tushen alƙaluman ɗaya ne? Dalilin yana da sauƙin fahimta. Ko babu yunwa mutane suna mutuwa, don haka abin da ake nema shi ne rarar da ta hau kan mace-macen da aka saba. Wanda ya ɗauka cewa a shekarar lafiya mutum 10 ke mutuwa cikin 1,000 zai sami rara mai yawa. Wanda ya ce a ƙasa matalauciya irin Sin ta wancan lokaci adadin ya fi haka, rararsa za ta ragu. Ga kuma matsalar jariran da aka haifa suka mutu ba a rubuta su ba, da iyalan da suka ɓoye mutuwar ɗan uwa domin su ci gaba da karɓar kasonsa na abinci, da jami'an da suka rage adadi don tsoron hukunci. Kowane zato da masani ya yi a kan waɗannan abubuwa yana ɗaga lissafi ko ya sauke shi da miliyoyin rayuka.

Mataki na gaba shi ne shiga taskokin adana takardu. Dokar 1987 ta ba da damar buɗe takardun gwamnati da suka cika shekara 30, kuma daga shekarun 1990 zuwa wajen 2010 taskokin larduna da dama sun karɓi masu bincike. Cao Shuji, masanin tarihi a Shanghai, ya bi kundayen tarihin gundumomi fiye da 1,000 ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da miliyan 32.5 a 2005. Yang Jisheng kuwa ɗan jam'iyya ne, babban ɗan jarida a kamfanin dillancin labarai na Xinhua, wanda mahaifin da ya raine shi ya mutu da yunwa a lardin Hubei a 1959. Ya yi amfani da matsayinsa ya shiga taskokin larduna da sunan nazarin tarihin manufofin hatsi, ya kwafi rahotannin sirri da jami'ai suka aika wa na sama da su. Littafinsa mai suna Mubei, wato dutsen da ake kafawa a kan kabari, ya fito a Hong Kong a 2008 da adadin miliyan 36, kuma har yau haramtacce ne a babban yankin ƙasar. Bayan shekara biyu Frank Dikötter, ɗan ƙasar Holan da yake koyarwa a Jami'ar Hong Kong a lokacin, ya ce aƙalla miliyan 45 ne.

A nan ne za a ga bambancin bincike na ilimi da farfaganda. Littafin Dikötter ya ci babbar lambar yabo a Birtaniya, ya kuma yi daidai da abin da masu adawa da Sin suke son ji, amma abokan aikinsa ba su ƙyale shi ba. Cormac Ó Gráda, masanin tarihin yunwa ɗan ƙasar Ailan, ya nuna cewa ma'aunin mace-macen shekarar lafiya da ya ɗauka ya yi ƙasa ƙwarai, abin da ya kumbura lissafinsa. Anthony Garnaut ya koma ga takardar wani taro da aka yi a Shanghai a watan Maris na 1959, ya ce wata magana da aka jingina wa Mao a kan barin rabin mutane su mutu an cire ta daga muhallinta, domin zancen rage ayyukan masana'antu ake yi. A ɗaya ɓangaren, lokacin da Sun Jingxian, wani malamin lissafi a Sin, ya ce mutum miliyan 3.66 kacal suka mutu, sauran duk ruɗanin rajistar masu ƙaura ne, Yang Jisheng da wasu masana suka mayar masa da martani da hujjoji gunduma bayan gunduma. Bayan duk wannan ja-in-ja, mafi yawan masana sun tsaya a kan cewa adadin yana wajen miliyan 30 ko sama da haka, kuma hannun mutum ya fi fari da ambaliya laifi. Shugaban ƙasar na lokacin, Liu Shaoqi, ya faɗi kusan haka a gaban jami'ai 7,000 a farkon 1962, inda ya maimaita abin da manoman lardinsa suka gaya masa, cewa kashi uku na bala'in daga yanayi ne, kashi bakwai daga mutane.

Irin wannan buɗi ya taɓa tarihin hulɗar Sin da waje. Shekaru da dama ana koya wa ɗalibai a ƙasar cewa Koriya ta Kudu ce ta fara yaƙin 1950. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe, Shen Zhihua, wanda ya taɓa zaman kurkuku ya kuma yi kasuwanci, ya kashe dukiyarsa wajen kwafo dubban takardu daga taskokin Mosko. Takardun suka nuna yadda Kim Il Sung ya nemi izinin kai hari, Stalin ya amince, Mao ya ba da goyon baya. A 2004 Ma'aikatar Harkokin Wajen Sin ta buɗe taskarta, a hankali ta saki takardun da suka kai har 1965. A cikinsu akwai bayanan ganawar Firimiya Zhou Enlai da shugabannin Afirka a rangadin da ya yi na ƙasashe goma tsakanin ƙarshen 1963 da farkon 1964. Duk mai son sanin yadda Beijing ta fara kallon nahiyarmu, wannan taska ce zai nufa.

To, wannan ƙofa ce ake turawa. Daga 2012 zuwa 2013 Ma'aikatar Harkokin Wajen ta janye mafi yawan takardun da ta saki. A 2013, farkon mulkin Xi Jinping, wata takardar cikin gida da aka fi sani da Takarda Ta Tara ta lissafa abubuwa bakwai da jam'iyya take ɗauka barazana, ciki har da abin da ta kira rushe tarihi, wato tono kurakuran jam'iyya domin zubar da ƙimarta. Xi ya sha bayyana cewa Tarayyar Sobiyet ta faɗi ne saboda ta bari an tozarta Lenin da Stalin har jama'a suka daina yarda da komai. A 2016 aka ƙwace mujallar Yanhuang Chunqiu, wadda tsofaffin jami'ai suke wallafa tunaninsu na tarihi a cikinta, aka kuma hana Yang Jisheng zuwa Harvard karɓar lambar yabo. A 2018 aka yi dokar kare martabar jarumai da shahidan ƙasa, a 2021 aka mayar da saɓa mata laifin da zai iya kai mutum kurkuku shekara uku. Ɗan jarida Luo Changping ya sha ɗaurin wata bakwai a 2022 saboda ya yi shaguɓe ga sojojin da sanyi ya kashe a yaƙin Koriya. Abin ban dariya, sabuwar dokar taskoki da ta fara aiki a 2021 ta rage wa'adin buɗe takardu daga shekara 30 zuwa 25, amma masu bincike suna cewa abin da ake ba su a zahiri raguwa yake yi.

Hannun bai tsaya a iyakar ƙasar ba. A watan Agustan 2017 maɗaba'ar Jami'ar Kambirij, wadda ta fi kowace maɗaba'ar jami'a daɗewa a duniya, ta amince ta toshe maƙalu kusan 300 na mujallar The China Quarterly ga masu karatu a Sin, waɗanda suka shafi Tiananmen da Tibet da Xinjiang da Taiwan da Juyin Juya Halin Al'adu. Sai da malamai suka yi ca a kanta kafin ta janye bayan 'yan kwanaki. Kamfanin Springer Nature ya toshe nasa maƙalun a shekarar, bai kuma janye ba. Glenn Tiffert, wani masanin tarihin shari'a, ya gano abin da ya fi wannan ban tsoro. Ya ɗauki tsofaffin kofe na takarda na wasu mujallun shari'a biyu na shekarun 1956 zuwa 1958, ya gwada su da abin da ke cikin rumbunan intanet na Sin, ya tarar an zare maƙalu da dama ba tare da an bar wata alama ba. A da, mai son goge tarihi sai ya bi ɗakunan karatu yana yage shafi. Yanzu da yake jami'o'i da yawa sun kwashe kofen takarda sun dogara da intanet, mutum ɗaya a gaban kwamfuta ya isa. Cibiyar nan ta Hong Kong ma an wargaza ta a 2021, bayan dokar tsaron ƙasa ta 2020, aka mayar da kayanta ɗakin karatun jami'a. A 2023 babban rumbun maƙalun ilimi na ƙasar, CNKI, ya taƙaita abin da jami'o'in waje za su iya gani, kuma a watan Agustan shekarar hukumar ƙididdiga ta dakatar da fitar da alƙaluman rashin aikin yi na matasa bayan sun kai kashi 21.3 cikin 100.

Wani bincike da Sheena Greitens da Rory Truex suka yi a 2018 a tsakanin masana sama da 500 ya nuna cewa kusan kashi 9 cikin 100 jami'an tsaro sun taɓa gayyatarsu shan shayi, kamar yadda ake kiran tambayoyin gargaɗi a can. Kashi 26 na masu aiki da taskoki an taɓa hana su shiga. Kashi 5 sun sami matsalar biza. Adadin bai kai yadda wasu ke zato ba, amma ɗan kaɗan ya isa ya sa saura su riƙa auna bakinsu. Baƙo dai iyakarsa a hana shi biza. Ɗan gida shi ke ɗaukar dukan. Ilham Tohti, malamin tattalin arziki ɗan ƙabilar Uighur, yana zaman ɗaurin rai da rai tun 2014. Rahile Dawut, wadda ta ƙare rayuwarta wajen nazarin hubbarorin waliyyai da al'adun mutanenta a Xinjiang, ta ɓace a ƙarshen 2017, sai a 2023 aka sami labarin cewa ita ma ɗaurin rai da rai aka yi mata.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa nazarin Sin a ƙasashen Yamma shi ma ba wankakke ba ne. Ita kanta The China Quarterly, da aka kafa a 1960, kuɗin farko da ta tashi da su sun fito ne daga wata ƙungiyar al'adu da daga baya aka gano hukumar leƙen asirin Amurka ce ke ɗaukar nauyinta. A shekarun 1970 wasu malaman Turai da Amurka sun yi ta yabon Juyin Juya Halin Al'adu, suka kuma yi wa Simon Leys, ɗan ƙasar Beljiyam da ya fallasa shi a 1971, taron dangi. A 2001 Gordon Chang ya wallafa littafi yana hasashen rushewar Sin cikin shekara goma. Shekarun suka wuce, tattalin arzikin ƙasar ya zama na biyu a duniya. Amurka da kanta ta rufe shirin musayar malamai na Fulbright da Sin a 2020, kuma shirin farautar 'yan leƙen asiri a jami'o'i da ta gudanar daga 2018 zuwa 2022 ya jefa malamai 'yan asalin Sin da yawa cikin fargaba. Haka nan masanin da ya ƙirga matattun yunwa bai kammala aikinsa ba sai ya kuma bayyana yadda tsawon rai a ƙasar ya tashi daga wajen shekara 40 zuwa sama da 60 a zamanin Mao ɗin nan dai, da yadda mutum kusan miliyan 800 suka fita daga ƙangin talauci cikin shekara arba'in da suka biyo baya, kamar yadda Bankin Duniya ya tabbatar. Amartya Sen, wanda ya ce babbar yunwa ba ta aukuwa a ƙasar da ke da zaɓe da 'yancin jarida, shi ne kuma ya nuna cewa Sin ta fi ƙasarsa Indiya kula da lafiyar talaka a shekarun da babu yunwa.

Da ƙofa ta ƙuntata, masana sun koma leƙe ta taga, sai dai tagar yau ta fi ta Ladany faɗi. Gary King da Jennifer Pan da Margaret Roberts sun kwashi miliyoyin rubuce-rubucen shafukan sada zumunta na Sin kafin a goge su, suka duba waɗanda aka goge. Sakamakon da suka fitar a 2013 ya ba mutane mamaki: ana yawan barin zagin jami'ai, abin da ba a bari shi ne duk kiran da zai tara jama'a a titi. A 2017 suka ƙiyasta cewa ma'aikatan gwamnati suna zuba rubutu kusan miliyan 448 a shekara, yawancinsu ba gardama suke yi da kowa ba, yabo ne da kawar da hankali. A kan Xinjiang kuwa, hotunan tauraron ɗan Adam, da tallan kwangilar gine-gine da hukumomi suka buga da kansu, da takardun da aka fitar a ɓoye, da shaidar waɗanda suka fito, su suka tabbatar da wuraren tsare jama'a da gwamnati ta fara musantawa, daga baya ta kira su cibiyoyin koyon sana'a. A ranar 31 ga Agustan 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce abin da aka yi yana iya zama laifin cin zarafin bil'adama. Amma tauraro ba ya jin abin da ake faɗa a teburin mai shayi. Masanin da bai taɓa zama a ƙauyen Sin ba, bai yi abota da jami'in gunduma ba, zai ga gini ya kasa ganin mutum, kuma jahilcin juna tsakanin manyan ƙasashe masu makaman nukiliya ba abin wasa ba ne.

Mai karatu zai ce, mu ina ruwanmu? Ruwanmu a bayyane yake. A watan Yulin 2019 Nijeriya tana cikin ƙasashe 37 da suka sa hannu a wasiƙar goyon bayan manufofin Sin a Xinjiang; da wane bincike namu muka auna kafin mu sa hannu? A 2020 Majalisar Wakilai ta tashi tsaye a kan wani sashe na yarjejeniyar bashin dala miliyan 400, aka yi ta yayata cewa an jinginar da 'yancin ƙasa, alhali sashen janye kariya ne domin sasanci, irin wanda ake samu a yawancin basussukan kasuwanci. A lokacin kowa misalin tashar jiragen ruwa ta Hambantota a Siri Lanka yake kawowa, wai Sin ta ƙwace ta saboda bashi. Deborah Brautigam ta Jami'ar Johns Hopkins da wasu masana sun bi takardun sun nuna cewa gwamnatin Siri Lanka ce ta nemi aikin, ita ce kuma a 2017 ta ba da hayar tashar na shekara 99 a kan dala biliyan 1.12 domin ta sami kuɗin waje, bashin bankin Sin kuwa hayar ba ta shafe shi ba. Ta ɗaya gefen, wani nazari na 2021 da ya duba kwangilolin bashi 100 tsakanin bankunan Sin da ƙasashe 24 ya gano sharuɗɗan ɓoye sirri da asusun ajiya na musamman da ke fifita mai ba da bashin a kan sauran masu bin bashi. Hatsarin yana nan, amma ba a inda muke ta nuna yatsa ba. Ƙasar da jirgin ƙasanta na Abuja zuwa Kaduna da madatsar Zungeru suka tashi da bashin Sin, da maƙwabciyarta da matatar Zinder da bututun manta zuwa gaɓar Benin suke hannun kamfanin man Sin, bai kamata su dogara da jita-jita ko da fassarar wasu ba.

Su kuwa ba su yi sakaci da mu ba. A 1961 Mao ya ce ƙasarsa ba ta san tarihi da yanayin Afirka ba, a shekarar aka kafa cibiyar nazarin Asiya da Afirka a Beijing. Gidan rediyonsu ya fara magana da Hausa a 1963, jami'ar koyon harsunan waje ta Beijing tana yaye ɗalibai masu jin Hausa, Jami'ar Horon Malamai ta Zhejiang ta buɗe cibiyar nazarin Afirka a 2007. Mu abin da muke da shi mafi shahara shi ne cibiyoyin Confucius na Jami'ar Nnamdi Azikiwe da Jami'ar Legas, waɗanda ɓangaren Sin ke tallafawa. Suna koyar da harshe, kuma wannan alheri ne, amma ba a tsammanin mai gida ya koya maka inda ɗakinsa yake yoyo.

Shawarata ga jami'o'inmu, musamman Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Abdou Moumouni ta Yamai, ita ce su ware kujerun nazarin Sin da kuɗinmu, a sassan tarihi da kimiyyar siyasa da shari'a da tattalin arziki. Dubban 'ya'yanmu sun yi karatu a Sin sun dawo da harshen a bakinsu, yawancinsu sun ƙare a tafinta tsakanin ɗan kwangila da lebura. A ɗauko masu hazaƙa daga cikinsu a horar da su karanta takardun jam'iyya da kwangiloli a harshen asali. Fatakenmu da suka shekara ashirin suna zirga-zirga tsakanin Kantin Kwari da Guangzhou da Yiwu suna ɗauke da ilimin da babu shi a kowane littafi; a zauna da su a rubuta, kamar yadda aka zauna da 'yan gudun hijira a Hong Kong. Ɗakunan karatu su riƙe kofen takarda na abin da suka mallaka. Majalisa kuma ta wajabta wallafa kowace yarjejeniyar bashi, daga Sin ta fito ko daga wani wuri, domin masu bincike su gani. Wanda zai yi ciniki da mutumin da ya san harshensa, ya san tarihinsa, ya san farashin kasuwarsa, shi kuwa bai san komai game da abokin cinikin ba, tun kafin a fara tayi an gama da shi.